Shekarar da Hannun Marina Ya Yi Fari

Kai mai jar hula, sake faɗin abin da ka ce in ji. Wai rini tsoma zane ne cikin ruwa a tsamo? To madalla! Ga muciya can jingine, ɗauko ta. In ka juya rijiyar nan har kumfa ta taso ba ka nemi wurin zama ba, na ba ka ita kyauta. Ku dai zauna, samari. Tun da kallo kunka zo, bari ku ji yadda anka yi rijiyar nan ta kai yau a hannuna, don saura ƙiris da yanzu wani kuke gaisarwa a wurin nan, ba ni Ummaru ba.

Aikin farko da Bappa Labbo ya ba ni yasar matacciyar rijiya ne. Bappa Labbo wan mahaifina ne, shi ne babba cikin marinan karofinmu na nan wajen Ƙofar Rini, kuma shi ya riƙe ni bayan mahaifina ya rasu ya bar mini rijiyoyi biyu. Anka ɗaura mini igiya a ƙugu, anka zura ni ciki. Can ƙasa akwai katsi, wato lakar baba da toka da ke kwanciya in rijiya ta gama aikinta. Wari kuwa, kai! Ko tuwo na kai baki shi nake ji. Ka kwaso katsin nan cikin ƙwarya, a ja sama, a cura, a shanya, a ƙona. Shi ke komawa tokar da za a haɗa wata rijiyar, shi kuma ake kwaɓawa da gashin awaki a yi laso, a shafe cikin rijiya don kada ta yi yoyo. Na yi shekaru ina yasa, ina ɗaukar ruwa, ina dakan baba, ban taɓa zanen kowa ba.

Haɗa rijiya shi ne sana'ar, tsoma zane kuwa ko ku kuna iyawa. Ka cika ta da ruwa, ka zuba toka, ka zuba baba, busasshen ganyen nan da muke sayowa ga manoman Dundaye, ka rufe, ka jira. In ta fara tashi sai juyi, safe da marece, da muciyar da ta fi ka tsawo. Bappa Labbo ba da ido kaɗai yake duban rijiya ba, yatsa yake tsomawa ya ɗora a harshe. In ya yamutsa fuska ya tofar, ka ruga ka ƙaro toka. In ya gyaɗa kai, ka kawo zane. Rijiya abu ce mai rai. Ka bar ta ba juyi, ta mutu. Ka bar ta ta bushe rana na dukanta, laso ya tsage, gyaran tsagaggiyar rijiya kuwa kaɗan ya rage ya kai haƙa sabuwa.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai matan unguwa da na ƙauye masu kawo tsohon zane a maimaita masa baƙi. Aikin anini ne, amma su tsaya kanka suna ciniki sai ka ce saniya za su saya. Akwai malamai masu kawo rawani. Sannan akwai fatake, babbansu a unguwarmu Madugu Bawa. Ina tuna wani aiki da ya kawo mana gab da tashin ayarinsa zuwa arewa. Saƙi ne ɗauri-ɗauri, jaki bayan jaki, har munka rasa wurin shanya, munka koma shimfiɗawa kan ganuwa. Baƙi yake so mai sheƙi, irin wanda Buzaye ke nema. Mu tsoma, mu tsamo, zane ya fito kore shar, iska ta buge shi ya koma shuɗi, mu sake tsomawa, haka haka har ya yi baƙi wuluk, sannan a kai wa mabuga su buge shi da shuni. Ya biya ba gardama. Gaskiya dai Madugu Bawa ba ya cin haƙƙin marini, shi ya sa a lokacin nan mun ɗauka shi ke ci da mu duka.

Sai shekarar nan ta zo. Ba yunwa ba ce, ku gane, damina ta yi kyau, gero na cikin rumbu. Kuɗi ne ya ɓace. Nasara sun riga sun hana wuri, sun ce da kuɗin ƙarfe za a biya haraji, kuɗin ƙarfen nan kuwa daga kantunansu yake fitowa in sun sayi fata da ƙirgi. Kwatsam kantunan sunka ce ba su saye, in ma sun saya sai a wulaƙance. Majemi bai samu ba, mahauci bai samu ba, mai akuya ma haka. Ka shiga kasuwa ka tarar da kaya jibge, masu kayan na ta hamma.

Haraji kuwa ina ruwansa. Yadda ake yi, daga sama za a aza wa unguwa jimla guda, mai unguwa ya tara dattawa a zaurensa a raba wa gidaje, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Jimlar nan ba ta raguwa. In kun ga an rage wa wani, to wani anka ƙara wa.

Ranar rabon, zaure ya cika har waje. Madugu Bawa ya gyara zama, ya yi magana da yawun manyan 'yan kasuwar unguwa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ke sayen saƙi ga masaƙa, mu kai ga marina, mu kai ga mabuga, mu ɗauki masu jakai. In kun tatse mu bana, da mi za mu sayi saƙin? A rage muna, kuɗin shi zauna hannunmu mu juya shi. Kowa shi ɗan daure. Kafin damina, aiki ya sauko ga kowa."

Wallahi maganar ta shige mu. Bappa Labbo da kansa ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, zancen Madugu na da kan gado." Anka rage wa manya, anka watsa abin da ya rage kan ƙanana: mu marina, da masaƙa, da 'yan ga-ruwa, da masu jakai. Na sayar da akuyata da rigar da nake zuwa Juma'a da ita, na biya nawa, na dawo na zauna bakin rijiya ina jiran jakan Madugu.

Kaka ta wuce, bazara ta shigo, ko kan jaki ba mu gani ba. Ba ni da kuɗin baban da zan ci da rijiya biyu, sai na bar ɗaya ta bushe, ina ji ina gani ta tsage daga baki har ƙasa. Saura ɗaya, wannan da kuke gani, wadda mahaifina ya haƙa da hannunsa. Ita nake ta zuba wa ruwa ina juyawa, ba zane, ba sabon baba, kullum tana ƙara sanyi a harshe. Da abin ya ishe mu, Bappa Labbo ya ce in tafi in ji daga bakin Madugu.

Na same shi a zaurensa. Bayan gaisuwa na ce, "Madugu, Bappa ya ce in tambaya, ina labarin saƙin?"

Ya ce, "Ummaru, in na rina, wa za ni sayar ma? Na bara ma ga shi can cikin ɗaki gara na neman cinye shi. Ka taɓa ganin mai hankali ya zuba kuɗi inda ba mai saye?"

Gaskiya ya faɗa. Amma ni na san inda rangwamen ya tafi, kowa ma ya sani. Wani kaso yana cikin tukunyar Madugu ƙarƙashin ƙasa. Da wani kason kuwa ya sayi jakan waɗanda haraji ya kayar, da fadamar wani bawan Allah, duk a kuɗin banza. Ina shirin tashi sai ya ce, "Af, na ji ɗayar rijiyar taka ta tsage. Ka sayar mini da su duka biyu ka huta. Kai za ka ci gaba da aiki ciki, in ciniki ya dawo in riƙa biyanka lada."

Lada! A rijiyar ubana! Raina ya ɓaci ƙwarai, har ban san yadda na fito zauren ba. Amma da na huce na duba, sai na ga in anka sake aza mini haraji irin na bara, ba ni da akuya, ba ni da riga, rijiyar ce kaɗai ta rage a sayar. Madugu ma ya san haka, shi ya sa bai matsa ba.

Akwai wata al'ada tamu da ku ba ku sani ba. Marini ba ya ba mai farar riga hannu. Hannunmu kullum baƙi yake da baba har gwiwar hannu, ga shuni, in ka taɓa farin tufa sai ka bar shaida. Ko a masallaci in za mu gaisa da mai fararen kaya, dunƙule hannu muke yi mu miƙa daga nesa. To a shekarar nan hannuwanmu sunka fara washewa. Farko tafi, sannan yatsu, daga baya har ƙumba ta fito fes. Bappa Labbo, wanda tun yana yaro ba wanda ya ga launin tafinsa, sai ga shi fari tas. Maiɗakina ta dubi nawa ta ce wai yau ta ga hannun da ta aura. Dariya take so in yi, amma ban yi ba. Kunya muke ji. Marina manya-manya sunka koma tafiya da hannu cikin riga.

Da lokacin rabo ya sake zagayowa, anka taru a zauren mai unguwa kamar bara. Liman na gefensa, manya na kan buzu, mu kuwa muna tsugune ta bakin ƙofa. Madugu Bawa ya zo cikin wata farar riga sabuwa dal, mai aiki har ciki. Ya maimaita maganarsa ta bara, har ya ƙara da cewa, "Rangwamen da anka yi muna shi ya riƙe unguwar nan. Da ba shi, da masu sana'a sun watse. A sake muna bana, an kusa."

Bappa Labbo ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ratsa mutane a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Da ya isa gaban Madugu, sai ya fito da hannuwansa biyu daga cikin riga, ya damƙi gaban farar rigar nan, ya murza, ya goga tafinsa sama da ƙasa kamar mai share hannu bayan cin tuwo.

Madugu ya zabura ya yi baya. "Kai, Labbo! Rigata! Ka haukace?"

Kowa ya san Labbo marini ne, kowa ido na kan rigar, ana jiran a ga ɓarna. Madugu ya ɗaga ta yana dubawa, ya juya nan, ya juya can. Fara tas.

Bappa Labbo ya ce, "Duba da kyau, Madugu. In ka ga ɗigon baba ko ɗaya, ni ke biyanka rigar." Sannan ya juya wajen mai unguwa ya buɗe tafinsa biyu. "Ranka shi daɗe, ga aikin da ya sauko muna."

Ba wanda ya ce mu yi, amma duk marinan da ke bakin ƙofa sai munka fito da hannuwanmu munka ɗaga. Liman ya ce, "Subhanallahi." Mai unguwa ya bi hannuwan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ba layina ba ne in yi magana gaban dattawa, amma rijiyata ce a bakin kura, sai na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, a yi mini gafara. Ba mu ce Madugu ya ci amana ba. Da bakinsa ya ce mini ba shi rini don ba mai saye, kuma gaskiya ya faɗa. To masu sayen su wane ne? Ga su nan tsugune bakin ƙofa. Kwabon da anka bar ma Madugu bara, cikin tukunya ya kwana. Kwabon da za a bar ma Mamman mai jaki ba shi kai la'asar cikin aljihunsa, don maiɗakinsa na jiran zane, ɗiyansa na jiran nama. Bara an gwada ga manya. Bana a gwada ga ƙanana."

Mamman mai jaki, wanda bara ya sayar da jakinsa ɗaya ga Madugu, ya ce daga baya, "La'asar ma ka yi nisa, Ummaru!" Dariya ta ɓarke, har mai unguwa sai da ya rufe baki da rawani.

Liman ya sa baki, ya ce shi dai abin da ya sani, kaya ana aza shi ne ga mai iya ɗauka. Mai unguwa ya yanke: manya su koma kan rabonsu na da, ƙanana a sauke musu abin da anka ƙara, har da ɗan ragi a kai ga waɗanda sunka fi jigata, manya su cike. Madugu ya fusata, ya ce in haka ne zai kwashe ya bar unguwar. Mai unguwa ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya. Rumbunan naka da ɗakunan kaya fa, a ka za ka ɗauke su?" Madugu dai bai tashi ba, har ya rasu a gidan nan yake.

Aikin farko da ya shigo mini bayan rabon, zanen matar Mamman mai jaki ne. Ya koɗe har ya koma launin toka, ga faci biyu. Rijiyata kuwa ta yi sanyin da ba ta iya kama shi. Sai na ɗauki ɗan abin da rangwamen ya bar mini, na taka har Dundaye wajen manomin da muke sayen baba gare shi. Na tarar da baban bara jibge cikin ɗaki, ba wanda ya zo ya taya. Da ya ga na fito da kuɗin ƙarfe, mutumin nan sai da ya tambaye ni ko da gaske nake. Na ɗauko a ka na dawo, na yashe rijiya, na haɗa ta sabuwa. Ranar da kumfa ta taso shuɗiya, Bappa Labbo ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, ya gyaɗa kai. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Na tsoma zanen matar Mamman da hannu biyu har kafaɗa, ba don aikin na bukatar haka ba.

Ranar kasuwa sai ga Inna Kulu, matar manomin nan na Dundaye, tsohuwa mai baki, ta taho da mata bayanta, kowace da ƙunshin tsofaffin zannuwa a ka. Ta sha ciniki har na gaji, sannan ta kwance bakin zane ta miƙo mini kwabo. Na duba, sai na ga yana da lanƙwasa a gefe. Kwabona ne, wanda na ba mijinta! Na kai shi ga mahauci da marece. Mahaucin nan bai daɗe ba ya aiko da rigarsa a rina. Masaƙa sunka ga ana sayen zane ɗaya-ɗaya, sunka koma kan masaƙarsu, su kawo mana ƙyalle biyu, uku. Ba aikin jakai ba ne, aikin anini da kwabo ne, amma ba ya yankewa. Kafin ruwa ya sauka na kwaɓa laso na gyara tsagaggiyar rijiyar, Mamman ya yi mini jigilar ruwa da jakinsa, na biya shi.

Ban ce mu munka tayar da kasuwar Sakkwato ba, kada ku je ku ce tsoho ya yi ƙarya. Kantunan Nasara sai daga baya sunka dawo sayen fata. Amma unguwarmu ta motsa tun sauran na barci, har marinan wasu wurare ke zuwa su leƙa su ga ko wani asiri munka yi.

Wata rana da hantsi ina duƙe bakin rijiyar nan, zanen Inna Kulu na hannuna, matan Dundaye na zaune jere suna jiran nasu, sai na ji kukan jakai. Madugu Bawa ne da kansa, da ɗaurin saƙi. Ya ga masu saye sun fito, shi ma ya tono tukunyarsa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya tattare rigarsa, ya yi murmushi ya ce, "Ummaru, ka gani? Ai na faɗa muku, ran da na fito da kuɗi aiki zai dawo."

Na tsamo zanen, na matse, na ce, "Aiki ya dawo, Madugu, sannan ka fito."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "To a sauke kayan, a fara yanzu. Sauri nake."

Na ce, "A sauke, amma sai bayan na Inna Kulu da na matan nan."

Ya ce zai ƙara mini a kan kowane ɗauri in na ajiye tsummokaran nan na fara nasa. Na ce masa tsummokaran nan su sunka tayar da rijiyar da yake so a rina masa ciki, don haka su ne gaba. Ya dubi Bappa Labbo ko zai tsawata mini. Bappa Labbo ya ci gaba da juya muciyarsa.

Inna Kulu ta nuna masa gindin bango da haɓa, ta ce, "Madugu, ga inuwa can. Mu ma tun safe muke jira."

Ya dubi jakansa, ya dubi matan nan, ya dubi rijiyar. Sannan ya je ya kakkaɓe ƙasa, ya zauna.